Masu Zuwa Ganin Yadda Ake Ƙera Aljani

A Leavesden, kusa da Landan, kamfanin Warner Bros. ya buɗe ɗakunan da aka ɗauki fina-finan Harry Potter ga 'yan kallo tun 2012. Ka yanki tikiti, a zaga da kai, a ɗora ka bisa tsintsiya gaban koren ƙyalle, ka koma gida da hotonka kana tashi sama. Mu a Konni ba tikiti, ba ƙofa. Duk inda masu fim suka kafa kyamara, gindin kuka ne ko wani kango a hanyar Tsarnawa, nan ne situdiyo, kuma kafin a tada janareto rabin unguwa ta iso.

Mai fara isowa shi ne wanda ya zo ganin aljani da idonsa. Ya sha ganin boka ya ɓace ɓat a finafinan Kano, yau zai ga asirin. Sai darakta ya ce a dakata, a tsayar da kyamara, boka ya tattare bujensa, ya taka da ƙafarsa ya koma inuwa ya karɓi ruwan leda, a ci gaba da ɗaukar wurin wayam. Ɓacewar ke nan. Dabarar ta girmi kakansa, don Bafaranshe Georges Méliès ya ɓatar da mace da ita a fim tun 1896, amma mutumin namu ji yake an cuce shi. "Haba malam, wannan ai yaudara ce!" Duk da haka, in dare ya yi ba zai bi ta gindin kukar ba.

Kusa da shi akwai Masani. Sau ɗaya ya je Kano, a saman motar albasa, amma tun daga ranar Kannywood ta zama gidansu. Shi zai gaya maka koren ƙyalle ana shimfiɗa shi ne don korar aljanun gaske. Alhali kore ya yi nisa da launin fatar mutum, shi ya sa kwamfuta ke iya share shi ta sa dutse ko gajimare a madadinsa. Kada ka gyara masa, zai ƙara murya ne kawai, ya haɗa da Faransanci.

Shi kuma ɗan kabu-kabu burinsa guda: a gan shi. Labarin zamanin sarakuna ake yi, jarumi na zare takobi, sai ga babur ya gifta a baya, mai shi na ɗaga hannu. A kore shi ta gabas ya ɓullo ta yamma. Ranar da ya yi nasara kuwa, da koriyar riga ya zo, mai haɗa hoto ya tarar da kai da hula suna yawo ba gangar jiki.

Inna ba ruwanta da bayani. Ta ga yaro kwance, an shafe masa ƙirji da jan kala, an ce ya mutu sau biyar ana sakewa. "Ɗan nan, tashi haka nan, ƙasar akwai kunama." Daga nan ta juya kan wadda ta fito a muguwar kishiya: "'Yar nan, ki ji tsoron Allah, ke ma za ki haifa."

Magini ya ƙwanƙwasa bangon fadar sarkin aljanu, ya ji katako ne da fenti, ya ce ko buhu guda na simintin Malbaza bai ci ba. Alhajin Galmi kuwa lissafi yake: wuni cur, mutum ashirin, man janareto, duk don abin da ba zai kai minti uku ba. "Jika nawa ke nan? Wa ke biya?"

Ban manta da mai Allah-wadai ba. Yana nan da ra'ayin da ya sa aka fasa gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano a 2016, kuma yana da 'yancinsa. Abin da ke ba ni mamaki, kullum a sahun gaba yake yin tir ɗin, har a naɗe wayoyi.

Wanda na fi so in zauna kusa da shi dattijo ne a can gefe, mai cewa duk wannan ba sabo ba ne. Zai ba ka labarin Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aikin fim, ya rasu a 2015. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa, ya tafi ziyarar aiki. Daga baya ya sa kwaɗi kokawa a fim ɗin Kokoa. Ba kwamfuta a farkon aikin nan: a zana ko a ɗan motsa 'yar tsana, a ɗauka, a sake motsawa, alhali daƙiƙa guda ta fim hoto 24 take ci. Samarin fada suna jinsa da kunne guda, idonsu na kan 'yar wasa, suna jiran ta sarara su ɗauki hoto da ita.

Sai wanda bai san ma fim ɗin me ake yi ba. Tun hantsi yake tsugune kusa da kular abincin ma'aikata. Da aka ce duk wanda ba ya cikin aiki ya ja baya, ya miƙe ya ce shi ne mai riƙe wa boka takalmi.