Tukunyar Nutso a Tafkin Madarunfa

Wayar uwargida ce ta faɗa tafki, ba tawa ba. Aro na karɓa don in ɗauki baƙin da na kai ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da Tafkin Madarunfa hoto. Muna cikin kwalekwale na miƙe tsaye wai don hoto ya yi kyau, jirgi ya yi tangaɗi, sai ji na yi tsulum! Mai tuƙi ya ce, "Malam, bari in kira yaro." Na ce ya bari kawai, na san yadda Turawa ke yi.

Sanin nawa bai wuce na talabijin ba. Na ga shirin wani Bafaranshe, Jacques Cousteau, wanda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943. Mutum ya goya tukunya, ya shige teku kamar ɗakin uwarsa. To, me ya fi ni?

Gari na wayewa na nufi Maraɗi, wajen masu kayan Kwatano. Tsakanin matattun firji da injinan ban ruwa na hango tukwane uku a jingine, biyu sun koɗe, ɗaya ruwan ɗorawa sai ƙyalli take. Mai kaya ya ce, "Alhaji, ka iya zaɓe." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba aka kira Alhaji, ai nan take ciniki ya faɗa, jika talatin. Ita wayar jika ashirin da biyar aka saye ta, amma wannan lissafi sai daga baya ya zo mini.

Gindin tukunyar a mulmule yake, ba ta tsayuwa da kanta. Babban yatsana na hagu ne ya fara gano haka. Na ɗingisa wurin mai facin taya na ce ya cika mini ita. Ya juya ta, ya juya ni da ido, ya ce in kai wa Baba, wani tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya a unguwarmu.

Baba bai ce uffan ba. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar rediyo ya manna mata, ya kama. "Ƙarfe ce, da ta alminiyam ce ba zai kama ba." Na yi murmushi, ina zaton yabo ne. Sai ya sa wuƙa ya kankare fentin kafaɗarta, rubutu ya fito: ICC 3AA 2250, gefe kuma 6 68.

"Ɗana, nan ake karanta tukunya, ba a fenti ba. ICC tsohon hatimin Amurka ne, kafin su koma DOT. An yi ta a watan shida na 1968, ta girme ka. Wannan 2250 ƙarfin iskar da take ɗauka ne, kusan ninki saba'in na tayar mota. Injin mai faci ko ya kwana yana kuka ba zai kai ba."

Ya ce tsufa ba laifi ba ne, akwai sa'o'inta da ke aiki lafiya lau. Sharaɗin shi ne duk shekara biyar a cika ta da ruwa, a matsa fiye da ƙa'idarta, in ta jure a buga sabon kwanan wata a kafaɗa, duk shekara kuma a leƙa cikinta. Muka nemi hatimin ƙarshe na tawa. 1973.

Ya ƙwanƙwasa ta da sifana. Mai lafiya, in ji shi, amo take kamar ƙararrawar makaranta. Tawa ta ce ƙwaf, kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya tabbatar babu iska a ciki, ya kwance kan, ya haska tocila, sannan ya kife ta. Tsatsa ta zubo ja wur kamar yajin tsire, ta kusa cika gwangwanin tumatir. Ƙarƙashin fentin nan mai ƙyalli kuwa ramuka ne kamar zanzana.

"Da an cika wannan, da daga garin Ɗan Isa za a tsinto hularka. Af, ina abin bakin da ke rage ƙarfin iska?"

Na ce na yi niyyar sa tiyon lambu ne. Baba ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah Ya shirya."

Da na koma bakin tafki, mai kwalekwale ya zaro wayar daga aljihu. Tun ranar yaron ya shiga, ruwa iya ƙirjinsa, ya lalubo ta da ƙafa cikin taɓo. Dala ɗari ya ce a ba shi. Waya dai ta riga mu gidan gaskiya.

Baba ya huda tukunyar don kada wani ya sake gigin cika ta. Yanzu tana tsakar gida, a wuyanta ake ɗaure akuyar uwargida. Sabuwar waya na biya jika arba'in, kuma an ce ko taɓawa kada in yi.