Ƙafarka Ta Tsaya a Funtuwa, Bakinka Ya Wuce Masar

Ka ce ƙafarka ba ta taɓa wuce Funtuwa ba? To, ƙafar ke nan. Bakinka kam ya daɗe yana yawon duniya, ba fasfo ba biza. Da safe ka sha kokon masara a Sabuwa, ka wuni a gonar masara, da yamma ka zauna kana ƙorafin yadda buhun masara ya faɗi a kasuwar Dandume. Masar fa kake ta kira, ƙasar Fir'auna. Dawar Masar magabata suka ce da ita, baki ya ga abin ya yi tsawo ya gutsure.

Ka ce ai ka sani? Sannu malam masani. To wane Bamisire ne ya fara shuka ta? Babu shi. 'Yar Meziko ce, an yi dubban shekaru ana noma ta can kafin wani ɗan Afirka ya gasa ta, kuma sai bayan 1492 ta tsallako teku. Gwandar Masar ma daga wancan yankin ta fito. Masar zango ce kawai a hanya, amma ita ta tashi da sunan.

Kada ka fara yi wa Meziko jaje, mu ma an yi mana. Fatar jar akuyar Sakkwato, majemanmu suka jeme ta da bagaruwa, suka rina, fatake suka ɗora wa raƙuma daga Kano suka keta Sahara zuwa Gadamas da Tarabulus. Da ta isa Ingila, masu yi wa littattafai bango suka yaba laushinta, suka kira ta Maroko. Akuya tamu, wuƙa tamu, bagaruwa tamu, suna na wani. Ka ga aikin dillali.

Ka ce tsohon zance ne? Taho mu je wurin masu sayar da motoci. Ga dillali ya daki bayan Toyota da tafin hannu, yana cewa, "Alhaji, 'yar Kwatano ce, ko fenti ba a taɓa ba." Kamfanin Japan ya ƙera ta, wani Bature ya more ta har ya gaji, abin da Kwatano ta yi shi ne sauke ta daga jirgin ruwa. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma dokar ba ta kai kan harshe ba. Ranar da motar ta yi tari, bakanike zai tambaye ka, "Sabo za a sa ko Beljiyam?" Kai kuma ka ce Beljiyam da sauri, don ka san sabon ɗan Chana ne. Ƙasa sukutum da sarkinta ta koma tsohon inji a bakinka.

Ita kuwa Chana ta ga ta kanta. In kana wa'azin neman ilimi, ita ce birnin Sin, ƙarshen duniya mai daraja. In caja ta ƙone, ita ce Chana. Ƙasa ɗaya, suna biyu, na yabo da na zagi, kuma wayar da kake zagin nata da ita can aka haɗo ta. Turawa su ma suna da nasu birnin Sin ɗin: in suna nufin wurin da ba a kaiwa sai su ce Tambutu. Wasunsu har mamaki suke in aka ce gari ne na gaske a Mali, da masallatai da kasuwa.

Ka ce ban da abin addini? Haba. Jira Hajiya ta dawo daga aikin hajji. Za ka ga tana murmushi ko ba a ba da labarin dariya ba, leɓen sama ya ɗan ɗaga ta gefe guda, don hasken ya faɗa inda ake so. Haƙorin Makka ke nan, shaidar da ba ta buƙatar takarda. Shi kuma Bakano, in ya ce a kai ka Dawanau, kada ka ɗauko buhu kana murnar za ka babbar kasuwar hatsi. Asibitin masu taɓin hankali yake nufi.

Na yarda, akwai inda mai aiki ya riƙe sunansa. Rawani ɗan Kura, mai baƙin shuni da ƙyalli, a Kura ta Kano ake rina shi a buge shi, Buzaye su saya su naɗa har Agadas. Hula 'yar Bama ma ba ta bar wa kowa ba. Amma ƙirga su ka gani, ba su cika hannu ba.

Ka ce to ina namu? Ku ai baya kuka bi. Wasu garinsu ya zama kalma, ku garuruwanku sun zo sun tarar da kalmomin a zaune. Sabuwa ta yi jikoki tana nan tana amsa sabuwa. Mutumin Ƙanƙara, a tsakiyar zafin Afrilu, yana bin layi da kuɗinsa ya sayi ƙanƙara. A ƙasar Faskari akwai Daudawa, inda Turawan mulki suka yi gonar irin auduga, amma baƙo na jin sunan sai ya fara tunanin miyar kuka. Ita Faskarin ban ce komai ba, kada a ce na faskara.

Kana hura hanci wai aƙalla farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara taku ce, ba mai ƙwace muku? Tambayi masu sayenta don yin fenti da tangaran me suke rubutawa a takardar lodi. Kawolin. Sunan wani tudu ne, Gawolin, kusa da garin masu tangaran a ƙasar Sin. Ku ke shiga rami, ku fito fari fat har gashin ido, Chanar da kuke zagi ta amshi suna.