Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Bukkuyum Zuwa Ga Hajiya Motar Haya ta Filin Jirgin Jidda

Zuwa ga Hajiya Motar Haya,
Rumfar ajiye motoci, Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz, Jidda.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an wuni lafiya, inji lafiya, tayoyi lafiya, ya kuma zafin Jidda.

Ranki ya daɗe, mai wannan wasiƙa wani magidanci ne a Bukkuyum, can yammacin Jihar Zamfara, manomin gero da dawa, mai ɗan taɓa cinikin hatsi, wanda Allah ya hore wa kuɗin Umra. Ba ki san shi ba, shi ma bai taɓa ganinki ba sai a wayar ɗansa. Yaron ne ya kawo masa labari cewa a Jidda akwai motar da ake danƙa wa baƙo makullinta, ba direba, ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ya ja kansa zuwa Makka da Madina da Ɗa'ifa, in ya gama ya maido ta. Tun daga ranar Alhajin bai sami sukuni ba. Da aka karanta masa sharuɗɗanki kuwa, sai ya ce ko lokacin da ya je neman auren uwargida ba a gindaya masa rabin waɗannan ba, don haka gara a yi magana tun kafin a haɗu.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne yarda. A Bukkuyum ba a ba mutum mota sai an san ubansa. Mai zuwa Anka ko Gummi tasha yake nufa, ya sami Golf, huɗu a baya, biyu a gaba, buhuna a but. Mai hali ya ɗauki shata, amma ita shata da direbanta take zuwa, direban nan kuwa shi ne rabin tafiyar. Shi ya san ramin da ke laɓe bayan kwana, shi ya san shingen da ake rage gudu da wanda ake ɗaga hannu kawai, shi ke buga waya Nasarawar Burkullu ya ji ko motocin safe sun wuce lafiya. Ke kuma kin ce ba ruwanki da uban kowa. Kati kawai.

To, Hajiya, a katin nan gizo ke saƙa. An ce kamfanin da ke riƙe da ke ba ya son tsabar kuɗi, ya fi son katin banki irin na bashi mai sunan direba a kai, domin ya danne wasu kuɗi jingina har sai kin dawo gida lafiya. Alhajin kuwa guzurinsa a aljihun 'yar ciki yake zama, inda hannu ke iya shafa shi lokaci lokaci. Katin nairarsa ma da tarihinsa: a 2022 bankuna da dama sun rage abin da mutum zai iya kashewa da shi a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Dala 20 riyal 75 ke nan, kuɗin da ko tayarki ɗaya ba zai saya ba. Lissafin bai ba shi wahala ba, tunda riyal na tsaye a kan 3.75 kowace dala tun 1986. A shekarar nan da aka ɗaure riyal, a ita gwamnatin Babangida ta kwance naira ta sake ta kasuwa, kuma har yau ba ta waiwayo ba. Ya tambaya ko za a karɓi bijimi jingina, ɗansa ya ce ba gurbin bijimi a fom. Dole dai a buɗe asusun dala a Gusau, a bi layi.

Sai takardu. Lasisin tuƙi yana da shi, na gaskiya, wanda ya je aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988. Yanzu an ce ya haɗa da lasisin ƙasa-da-ƙasa, ɗan littafin nan da yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 suka tsara. Littafin fassarar lasisin gida ne kurum, in babu na gida a hannu shi ma ba ya aiki. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake jin jiki shi ne suna. Ma'aikacin kanta zai jera fasfo da lasisi da kati ya duba harafi bayan harafi, alhali Bahaushe ɗaya yana iya zama Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, a ta uku kuma sunan garinsu ya zama sunan ubansa. Alhajin yana roƙon ki sa baki, ki shaida musu cewa duk mutum ɗaya ne.

Yaron da ya tono wannan magana, shi ma kin yi masa tanadi. Kamfanoni da yawa ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, wanda bai cika 25 ba kuma sukan ƙara masa kuɗi. Kuma duk wanda zai taɓa sitiyari sai an rubuta sunansa a yarjejeniya, in ba haka ba inshora ta zame ranar da ake bukatarta. A gida direba in ya gaji sai ya ce wa na kusa karɓe ni, shi ke nan. Uwargida ma da ta ji cewa tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙi a Saudiyya, ta ce a sa sunanta. An tuna mata ba ta da lasisi, ta ce ai ba yau za a tafi ba.

Abu ɗaya dai ya yi masa daɗi: hannunku ɗaya. Saudiyya dama take bi, Najeriya ma dama take bi tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da aka yi canjin hannu, Gana ta biyo baya a 1974. Da a Ingila ko Indiya ko Malesiya kike, inda ake bin hagu, sitiyari a dama, giya a hannun hagu, shataletale ana zagaya shi a baibai, da wannan wasiƙa ta ban kwana ce.

Yanzu ga hanya. Daga Jidda zuwa Makka kamar kilomita 80 ne, kuma da harami zai yi su, tunda tun a jirgi ya ɗaura niyya. Ki yi tunanin dattijo cikin mayafi biyu da silifa, ɗamarar kujera ta ratsa kafaɗa, yana talbiyya yana neman hannun da zai shiga, 'yan gari na danna masa oda ta baya. In ya isa kuma ga neman inda zai ajiye ki, don kusa da Harami wurin tsayawa ya fi ɗakin kwana wuyar samu. Daga Makka zuwa Madina kuwa kusan kilomita 450 ne a kan Hanyar Hijira, shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba tudun rage gudu na 'yan ƙauye, wani wurin ma doka ta yarda a kai 140 a awa, alhali a babban titin Najeriya ƙaramar mota 100 aka yanka mata.

A nan ne Alhajin ke da babban ƙorafi, kuma ba da ke yake ba, da abokin aikinki yake, wanda ake kira Sahir. Tun 2010 aka girke shi a titunan Saudiyya. Kyamara ce a kan sanda, ba ta barci, ba ta zuwa cin abinci. Wanda ya zarce gudu ta ɗauke shi, wanda ya tsallake jar danja ta ɗauke shi, wanda bai ɗaura ɗamara ba ko yake riƙe da waya a hannu duk ta gan shi. Mutumin Bukkuyum kuwa duk iliminsa na hanya ilimin mutane ne. Ya san yadda ake sauke gilashi a yi sallama, a tambayi aiki da iyali, a ce ranka ya daɗe, a yi haƙuri, a yi dariya a rabu. Shekara da shekaru yana tara wannan hikima, ga shi za a kai shi inda ba ta da kasuwa. Sahir ba ya amsa sallama, ba ya cin goro, ba shi da ƙanen da ya yi makaranta da ƙanenka. Tarar ma ba a miƙa ta a hannu balle a yi ciniki. Lambarki za a rubuta wa, kamfani ya duba wanda ya ɗauke ki ranar, ya zare daga katin nan da aka danne. Mutum na iya komawa gida, a gama yi masa barka da sauka, ya raba dabino da zamzam da bagaruwa, sannan waya ta yi ƙara. Mai rubuta masa wasiƙar nan dai, in za a bi ta tasa, da an kafa irin sandar nan tsakanin Gusau da Funtuwa, da an rage zaman makoki. Amma a fara da gyara ramukan.

Akwai kuma ƙananan tarkuna da yaron ya tsinto a ƙasan takarda, inda rubutu ke ƙanƙancewa. Wasu kamfanonin kan yanka wa mota kilomitocin da za ta yi a rana, abin da ya ɗora a biya, tafiyar Madina kuwa a wuni ɗaya tana iya haɗiye kason. Wanda ya ɗauke ki a Jidda ya ajiye ki a Madina zai biya kuɗin maido ki. Inshorar da aka ce tana cikin farashi tana da wani kaso da mai haya zai fara biya daga aljihunsa kafin ta motsa. Mai kuma akwai 91 mai koren famfo da 95 mai ja, a cike aka ba da ke, a cike za a maido ki, kuma ba 'yan bumburutu da galan a bakin titi da za su ceci wanda ya yi sakaci. Da dare ga raƙuma masu tsallaka kwalta ba tare da sun nemi izini ba. A hawan Al-Hada zuwa Ɗa'ifa ga kwana kan kwana a gefen dutse, ga birai masu jiran a bar taga a buɗe.

Kada ki ce ba ki da kishiya. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana gudun kilomita 300 a awa, yana haɗa Makka da Madina cikin awa biyu da 'yan mintuna, tasharsa ma tana nan cikin filin jirginku. Mai hankali, in shi kaɗai ne, jirgin zai hau ya yi barcinsa. Lokacin aikin Hajji kuwa maganarki ba ta tasowa, motocin da aka tanadar wa alhazai ake bi. Amma jirgi ba ya ratsewa Badar don a ga inda aka gwabza, ba ya tsayawa don gwiwar surukar Alhaji ta huta, ba ya jiran uwargida ta gama cinikin dabino. In mutum huɗu ne da kayansu, lissafi yakan karkato wajenki. Wannan ne ya sa ba a yaga takardar ba.

Kakanninsa ma ai sun yi irin wannan shiri ba tare da fom ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sayen goro madugu ne ke tsara musu zango da mashaya da kuɗin fito, jagaba na gaba yana duba hanya. Masu zuwa Makka a ƙasa sun bi ta Barno da Cadi da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi, wasu ma suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Yanzu jagabar ita ce muryar matar nan ta Google Maps, wadda in ka ɓata hanya ba ta faɗa, sai dai ta sake lissafi. Alhajin bai gama sakin jiki da ita ba. Yana tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, kowa ya koma aike da baki. Don haka ya umarci yaron ya sauke taswirar a waya tun daga gida, a sayi layin Saudiyya da an sauka, shi kuma zai rubuta sunayen garuruwa da ajami a bayan ambulan.

Wani aboki ya ba shi shawarar ya fara gwaji da ƙasar waje ta kusa, ya bi ta Sakkwato da Illela ya leƙa Birnin Ƙonni a Nijar. Can ma ba a shiga da mota hannu rabbana: ga katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa da aka ƙirƙiro a 1982, ga takardar shigar mota ta 'yan duwan, ga jandarmomi, ga canjin sefa. Iyakar kanta an rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar ɗin ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma ko ba komai jandarma mutum ne, kuma sau da yawa yana jin Hausa.

Gaskiyar da bai kamata a ɓoye miki ba, Hajiya, ita ce duk tsawon tafiyar nan wurin da ya fi hana shi barci ba ya ƙasarku. Daga ƙofar gidansa ne zuwa filin jirgi, ko ta Anka zuwa Gusau, ko ta Gummi zuwa Sakkwato. Wannan yankin ba a tsara shi da taswira. Da sassafe ake fita, bayan an tambayi waɗanda suka shigo, ba a yarda magariba ta riski mutum a daji, ba a kuma sanar da duniya ranar tashi. Babu kamfanin da ya buɗe kanta a nan, babu inshorar da ta san sunan Adabka ko Gwashi. Motocin baƙi da mutanen yankin suka fi tunawa su ne fararen na likitocin MSF da suka shigo a 2010, lokacin da gubar dalma ta wurin haƙar zinari ta afka wa yara a 'Yargalma da Bagega. Su ma da direbobi suka zo.

Saura maganar rabuwa. An gargaɗe shi cewa ranar karɓarki ya zagaye ki da waya yana ɗaukar hoto, gaba da baya, gilashi da tayoyi, har rufin sama, don kada ranar maido ki a nuna masa wani ƙarce a ce shi ya yi. Kada ki ɗauka raini ne in kin ga dattijo cikin harami ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinki. A Bukkuyum motar da ba ta da ƙarce ba ta fara aiki ba, amma ya ji a wurinku ƙarce ɗaya na iya cin kuɗin buhun gero, don haka zai sa ma'aikacin ya rubuta kowane tabo ya sa hannu.

Yana kuma so ki aiko da amsa kan abu biyu kafin ya biya: ko but ɗinki zai ɗauki akwati huɗu da keken surukarsa, kuma in taya ta yi faci tsakanin Makka da Madina, lambar wa ake kira, da wane harshe ake amsawa.

A gaida Sahir, a ce masa Alhaji na nan tafe da 90.

Wassalam.
Daga mai neman hayarki,
Bukkuyum, Jihar Zamfara.