Ragon Takarda

Ni dai aibuna ɗaya ne, tara ƙananan hotunan abinci: katunan Barka da Sallah masu ragon layya, takardun kwalin shayi masu buta da 'yan kofuna, har da wani tsohon katin gidan waya mai hoton 'yar tallan fura, na tun kafin a ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Jaka biyu na biya a Kasuwar Dole. Saboda gara, a langa nake rufe su. Langar kuwa tagwaye ce da ta uwargida, fure ɗaya, murfi ɗaya.

Jiya, washegarin layya, bayan raguna sun wuni a miƙe kan itace suna shan wuta, aka shiga rabon nama. Ina tsakar gida ina kallon hotunana uwargida ta ce, "Maigida, ga na su Baba nan." Na ɓoye langa ɗaya, na sunkuci ɗaya, na hau kabu-kabu sai unguwar Birni. Na ji ba nauyi, na ce a raina matar nan ta fara rowa.

Zaure cike da dattawa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu. Surukina ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi.

Murfin nan har yanzu ina jin ƙararsa. Ya leƙa. Ya nemo tabarau, ya sake leƙawa. Ya ɗago ragon farko da yatsa biyu, ya juya bayansa, wai ko naman yana can. Wani tsoho ya riga ya wanke hannu. Yaro na tsaye da yaji.

"Madalla," in ji surukina. "Allah ya karɓi ibada. Wannan ya cika shekara kuwa?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai tsohon nan ya matso, hannunsa na ɗigar ruwa. "Yaro, ka ji shawara. Takarda ba ta son langa, gumi take yi. Ka shimfiɗa mata ganyen dogonyaro. In za ka shanya, a inuwa, kada rana ta ci launin kitsen." Ya yi shiru, ya ƙara leƙawa. "Mai butar nan, ba ka da biyu?"

Naman kuwa yana ƙarƙashin gadona. Da hannuna na ɓoye shi, saboda gara.