Ranki Ya Daɗe, Taba Mai Sauƙi

Allah ya ja zamanin gimbiya, farar kara mai ɗamarar zinariya, 'yar lelen manyan kamfanoni, autar masu tausayi! Da likitoci suka tayar wa duniya hankali da zancen sankarar huhu, mashaya suka fara shawarar tuba, ke ce kika share musu hawaye. Masu tsaurin ra'ayi sun ce a daina. Ke kuwa, mai sanin darajar abokin ciniki, kika ce a sauya kwali kawai. A 1971 kika bayyana da sunan Marlboro Lights, mai ƙarancin kwalta, mai ƙarancin nikotin, zukata suka natsu.

Kuma ba da baki kika faɗa ba, shaida kika kawo, adalin da bai taɓa cin hanci ba: injin zuƙar hayaƙi. A 1967 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fara awo da shi. Mashayi ne mai ladabi: zuƙa ɗaya a minti, ta daƙiƙa 2, mililita 35, ba ƙari. Saboda shi aka huda miki ƙananan kafofi a jikin filta, iska ta shiga ta tsarma hayaƙin, lambobi suka faɗo ƙasa. Albarkacinki, har yau ba a taɓa jin injin nan ya yi tari ba. Wane boka ne ya taɓa irin wannan aiki?

Ɗan Adam kuwa, da yake an halicce shi da leɓe da yatsu, sai ya toshe kafofin bai sani ba. Jikinsa na neman nikotin ɗin da ya saba, sai ya ja da ƙarfi, ya ja da yawa, ya kunna wata. Nan ma ba ki tauye masa haƙƙi ba, kwaltarsa kika ba shi cif. A 2001 Cibiyar Sankara ta Amurka ta tabbatar da amanarki: lafiyar jama'a ba ta ci wata riba da zuwanki ba. A 2014 rahoton Babban Likitan ƙasar ya ƙara miki rawani, ya ce sauyin ƙirar sigari ya ɗaga haɗarin wata sankara mai kama can cikin huhu. Tabar da can baƙuwa ce mai tsayawa a zaure. Ke 'yar gida ce, sai ƙuryar ɗaki.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yayarki Kent, don tsananin kula da lafiyar mashaya, da asbestos ta yi filtarta daga 1952 zuwa 1956. Iyayen gidanki, shugabannin kamfanoni bakwai, sun ɗaga hannu gaban majalisar Amurka a 1994 suka rantse cewa a saninsu nikotin ba ya kama mutum. Dattako ke nan!

Mai arziki ba ya rasa mahassada. A 2006 alƙaliya Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin sun yaudari jama'a a kanki. A 2010 aka hana kiran ki mai sauƙi a Amurka. Ko gezau! Kika wayi gari Marlboro Gold, launin kwali ya ci gaba da faɗar abin da aka hana baki faɗa.

Babbar karamarki dai ita ce riƙon zumunci. Nawa ne suka ɗaura niyyar rabuwa da taba, kika rarrashe su suka zauna? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe har rabin mashayan da ba su daina ba. Rabi kacal! Rabi na kabari, rabi na kasuwa. A kawo mana wani sarki da ya taɓa raba talakawansa da adalci irin wannan.