Jinjina ga likitocin Amurka masu tsimin magani

Dole a sara wa likitocin Amurka. Ba kowane likita ne zai dubi mutum yana murƙususu a gado ya gane daga launin fatarsa cewa ciwon bai kai ya kawo ba. Wannan basira ce, kuma gadonta suka yi.

Kakansu a harkar, J. Marion Sims, ya koyi ɗinkin yoyon fitsari a jikin bayi mata a Montgomery ta jihar Alabama, tsakanin 1845 da 1849. Wata mai suna Anarcha ita kaɗai ya yi mata tiyata kusan sau 30, ba tare da an kashe mata zafi ba. Aka saka masa da mutum-mutumi a bakin Central Park, sai a 2018 wasu butulu suka sa aka ɗauke shi. Shi kuwa Samuel Cartwright, a 1851 ya gano wata cuta da ke hana bawa jin zafi, har da maganinta: a shafe shi da mai, a bi da bulalar fata. Allah Sarki, tausayi!

Jikoki ba su yar da gado ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia sun tambayi fararen ɗaliban likitanci da ƙananan likitoci 222, rabinsu suka amince da aƙalla ɗaya daga cikin tatsuniyoyin da ake yi kan baƙaƙen fata, irin su wai fatarsu ta fi kauri. Kowa ya san wuyar karatun likita. A ce mutum ya haddace littattafai masu nauyin bulo amma bai saki zancen kakanni ba, ai ya cika ɗan halak.

Ko yara ba a raina musu jarumta. Wani bincike na 2015 ya nuna yaro baƙi mai tsananin ciwon afendis bai cika samun magani mai ƙarfi kamar ɗan'uwansa fari ba. Da sanyin safiya ake kama fara, gara ya koyi dauriya tun yanzu.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne kan masu sikila, ciwon da ba gidan Bahaushen da bai san labarinsa ba. Mutum ya shigo sashen gaggawa cikin dare, ƙashinsa kamar ana sara, ya faɗi sunan allurar da ke masa aiki da adadinta, don tun yana yaro ake yi masa ita. Nan take likita mai kaifin ido zai gane: wannan sanin ya yi yawa, ɗan ƙwaya ne. Sai ya zauna a benci ya jira.

Kuma ba sa nuna son kai ko ga abokan aiki. Dokta Susan Moore, baƙar likita a Indiana, korona ta kwantar da ita a ƙarshen 2020. Da robar iska a hanci ta ɗauki bidiyo ta saka a Facebook, tana cewa sai da ta yi ta roƙon maganin ciwo, ana kallonta kamar mai shaye-shaye. Aka sallame ta, cikin awoyi aka kwashe ta zuwa wani asibitin. Ta rasu ranar 20 ga Disamba, tana da shekara 52.