Katin da Ya Kai Ni Bayan Kanta

Ni ba ɗan sanda ba ne. Aikina a wani ofishin 'yan sanda buga takardu ne da kwamfuta. Ba kaki, ba igiya, ko fareti ban taɓa yi ba. Sai aka ce kowane ma'aikaci, har mu farar hula, dole ya rataya katin shaida. Aka karɓi NIN ɗina mai lamba 11, aka tambayi rukunin jinina, mai hoto ya jera mu a jikin bango rana na bayanmu.

Da katin ya fito, sunan 'yan sanda ne a sama da manyan baƙaƙe, "farar hula" kuwa can ƙasa, sai mai ƙarfin ido. Hoton kuma hula ce da haƙora, tsakaninsu duhu.

A unguwa babu wanda ya kai ƙasan katin. Kafin Juma'a na zama Yallaɓai. Mai shayi ya daina tambayata kuɗin jiya. Wadda aka sace wa akuya a zaurena take kawo ƙara, wanda ake zargi da satar ya biyo bayan isha'i da 'yar ledar goro. Surukina, da bai taɓa kirana da komai ba sai "yaron nan", ya aiko in fito da ɗan maƙwabcinsa. Na ce a shaida masa beli kyauta ne, a rubuce ma yake a bangon caji ofis. Aka dawo mini da amsa wai tun da na samu muƙami na koyi wulaƙanci.

Wata Litinin aka sa sabon kurtu a ƙofa, fitowarsa ke nan daga kwalejin horo ta Kaduna, takalmi sai walƙiya. Ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin.

"Malam, ina mai katin?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ne."

"Yi dariya."

Na washe baki. Ya gwada haƙoran da na hoto, ya ce bai gamsu ba. Ya nemi lambar aikina ta ɗan sanda, na ce farar hula ba su da ita. Nan fa ya ce sojan gona ne, ya tasa ƙeyata bayan kanta. DPO ya tafi taro, sajen da ya san ni yana hutu, kofur ɗin da ke kanta shi ma baƙo. Aka zaunar da ni kusa da wani da aka kama da janareta, wanda ya matsa mini wuri cikin ladabi ya ce, "Oga, kai me ka ɗauka?"

Na tuna wa kurtun cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani. Ya ce shi ya sa nake zaune, ba a kulle ba, har mai katin ya bayyana.

Wajen azahar Iya mai abinci ta shigo da kwanuka a ka. Ba ta da kati, ba wanda ya taɓa tambayarta.

"A'a! Malam mai kwamfuta, me ka yi?"

Kurtu ya ƙame. "Iya, kin san shi?"

"Yo ba dole ba, ɗan nan? Garau-garau na wata biyu nake bin sa."

Nan take aka sake ni, a hannunta, bayan na biya rabi.